Ina Fim ɗin Matan Sharaɗa da Bompai?

Ran Talata da ta wuce na tambayi 'yan matan ajina, su arba'in da biyu, wace mace ce ta fi burge su a fim. Kusan duka suka ambaci mai babbar mota da leshi mai tsada. Yarinya ɗaya ta yi shiru. Da na matsa mata, sai ta ce, "Malama, ai ba a yin fim da irin iyayenmu." Uwarta kuwa tsintar zoɓo ta ke yi a wani sito a Sharaɗa, tun safe har la'asar. Wannan magana ta tsaya mini a rai.

Bari in fara da fim ɗin da na fi so, ko da ya ke ya girmi mahaifiyata. Mother India ke nan, wanda Mehboob Khan ya shirya a 1957. A zamanin da a ke nuna shi a silimun Kano, irin su Palace da aka buɗe cikin birni a 1951, matan aure ba su zuwa silima, sai dai su ji labari a bakin samarin gida. Ni a talabijin na gan shi tare da kakata. Nargis ce ta fito a matsayin Radha, matar manomi wadda mijinta ya rasa hannuwansa ya gudu ya bar ta da 'ya'ya da bashin wani mugun mai ba da rance. Ba ta kai shekara 30 ba sa'ad da ta yi wasan, amma ku dubi yadda ta ke tafiya bayan ta tsufa: ƙafa na ja, baya ya ranƙwafa, ido ya gaji. Inda ta ɗora garma a kafaɗa ta ja da kanta, kakata ta ce, "Wannan ta san yunwa." Kakata ba ta jin Indiyanci ko kalma ɗaya, amma babu abin da ya ɓace mata. To, wannan shi ne wasa. A ƙarshe Radha ta harbe ɗanta Birju saboda ya sace 'yar mutane. Abin dariya, Sunil Dutt da ya fito a ɗan nan, shi ya aure ta a 1958.

Namu na gida fa? Ba na cikin masu zagin su. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a 1990, an sami ci gaba mai yawa. Sangaya na 1999 ya nuna baiwa a gidan sarauta, Fati Mohammed kuwa ta yi kyakkyawan wasa, musamman inda ta ke sunkuyar da kai tana haɗiye wulaƙanci. Amma mene ne maganin wahalar Zubaina? Ɗan sarki ya so ta. Shi ke nan. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, watau Daso, wadda ta rasu a 2024, ita ce a ganina ta fi kowa iya magana irin ta zauren gidajenmu. In ta harari kishiya sai ki ji kamar a tsakar gidanku a ke yi. Aminu Saira kuma, mai Labarina, ya iya jan zare, ya san inda zai yanke labari ya bar mu da ɗoki har mako mai zuwa. Laifinsa ɗaya a wurina, kuma ba shi kaɗai ba ne: kyamara ta cika son falo mai kujeru na alfarma.

Alhali labari yana nan a ƙofar gida. Bompai ce tsohuwar unguwar masana'antu ta Kano, inda aka yi ta matse man gyaɗa da saƙa da yin alewa. Sharaɗa da Challawa suka biyo baya. Da yawa daga cikin masaƙun nan sun rufe saboda ƙarancin wutar lantarki da shigowar atamfar waje mai araha, magidanta suka koma gida hannu rabbana. Wa ya riƙe gidajen? Matan da suka shiga tsintar riɗi da zoɓo, da masu tuyar ƙosai a bakin ƙofar kamfani tun kafin a busa jiniya. A Challawa kuma akwai majemu, waɗanda ruwansu mai wari ya daɗe yana damun masu noman rani a bakin kogi. Ashe babu Radha a cikin waɗannan? Ina ganin akwai ɗari.

Masu fim za su ce talaka ba ya son kallon talauci, ya gaji da shi a gida. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma Daɗin Kowa na tashar Arewa24 da masu facin taya da malaman tsangaya ya yi suna, mata kuwa ba su bari ya wuce su.

Na ba 'yan ajina aiki: kowace ta rubuta shafi biyu a kan yinin uwarta, daga asuba zuwa kwanciya, kamar za a yi fim da shi. Yarinyar nan tawa ta kawo shafi biyar. Ta fara da inda uwar ta ke wanke jan zoɓo daga yatsunta kafin ta taɓa tuwo. Ku ma masu karatu, in kun rubuta naku, ku aiko wa wannan fili, za mu buga waɗanda suka fi kyau.