Sankarar Ido da Gashi: Abin da Mai Juna Biyu Ya Kamata ta Sani

Mata da yawa kan ga canji a ganinsu lokacin goyon ciki, su ce ai laulayi ne, zai wuce. Sau da yawa yakan wuce ɗin. Amma gani dishi-dishi, ko walƙiya a ido, ko wani duhu da ya tare gefe guda, na iya zama alamar hawan jinin da ke kawo jijjiga. Jefi-jefi kuma yakan zama alamar ƙari a cikin ido. Ko wanne ne, a gaya wa ma'aikatan awo ba tare da jinkiri ba.

Mece ce melanoma ta ido?

Sankara ce da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba ido launinsa, galibi a can bayan ƙwayar ido inda madubi ba ya nunawa. Ta fi kama manya, kuma ta fi yawa a tsakanin fararen fata masu shuɗin ido. Ba ta cika kama baƙar fata ba, amma tana faruwa. Da farko ba ta da zafi. Haɗarinta shi ne takan bi jini ta bazu, musamman zuwa hanta.

Yaya ake gashin?

A da, maganinta shi ne a cire idon. A 2001 wani babban bincike a Amurka da Kanada ya nuna cewa masu matsakaicin ƙari da aka yi wa gashi da ɗan faifan da ake ɗinkewa a bayan ido sun rayu daidai da waɗanda aka cire wa idon.

Akwai kuma gashin saiti, wanda ba a tsaga ido. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwidin, Lars Leksell, shi ya kawo dabarar a 1951, daga baya ya ƙera na'urar Gamma Knife. Na'urar na harba siraran haske kusan 200 daga kusurwoyi daban-daban. Kowane ɗaya ba shi da ƙarfin yin ɓarna a hanyarsa, amma inda suka haɗu, wato kan ƙarin, nan ƙarfin yake taruwa ya kashe ƙwayoyin cutar. Kafin a fara, ana ɗaukar hoton kai, a daidaita kai da ido yadda ba za su motsa ba. Ana iya gamawa a zama ɗaya ko 'yan kwanaki kaɗan. Ƙarin yakan motse ne a hankali cikin watanni. Ba kowane asibiti ke da irin wannan na'ura ba, don haka likita zai iya tura majiyyaci wani wuri.

Gashin na iya barin illa: yanar ido, hawan jinin ido, bushewar ido ko raguwar gani, wani lokaci bayan shekaru. Shi ya sa zuwa asibiti a ranar da aka sa ya zama dole, har da gwajin hanta.

To, jaririn da ke ciki fa?

Ido na da nisa da mahaifa, kuma hasken da ke isa ga ɗan tayi kaɗan ne. Duk da haka ana lissafa shi tun kafin a fara, a kuma kare cikin da garkuwar darma idan da hali. Watanni uku zuwa huɗu na farko su ne suka fi buƙatar taka-tsantsan, domin a lokacin ne gaɓoɓi da ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Likitan ido da na sankara da na mata su za su zauna da ke da maigida, a yanke ko a yi gashin yanzu ko a jira haihuwa. Wannan gashin ba ya zama a jiki, saboda haka bayan an gama za ki iya ɗaukar yara, ki kuma shayar da nono.

A kiyaye

Ki faɗa wa likita kina da ciki, ko kina zato, kafin kowane hoto ko gashi. Kada a ɗiga maganin gargajiya a ido. Maigida da uwar miji, ku ba ta dama da kuɗin mota ta zo da wuri, domin ƙaramin ƙari ya fi sauƙin magani.

Allah Ya sauke ku lafiya.