Inda Kifi Ke Zuba Ƙwai: Daga Salmon zuwa Mashuwaron

An daɗe ana ganin kifin salmon yana baro teku ya hauro kogi don zuba ƙwai, amma yadda yake gane rafin da aka ƙyanƙyashe shi ya jima yana ɗaure wa masana kai. A 1951 Arthur Hasler da Warren Wisby na Jami'ar Wisconsin suka ce da hanci yake ganewa, ƙamshin ruwan yake riƙewa tun yana ɗan tsako. Da suka toshe hancin wasu a jihar Washington, da yawansu suka ɓace hanya.

A unguwar Treichville ta birnin Abijan ma, cibiyar binciken teku ta CRO ta bi irin wannan sawu. A shekarun 1980 masananta da na cibiyar bincike ta ORSTOM suka duƙufa a tashar Layo, bakin tafkin Ebrié, kan mashuwaron, kifin da mutanen Abijan ke ji da shi. Ba ya yarda ya zuba ƙwai a fili, sai cikin kogon dutse ko na itace, iyaye na gadi. Wani masani mai suna Saurin Hem ya rufe mace da namiji cikin bututun roba, suka ɗauka kogo ne, suka hayayyafa. Wannan dabara ta fi burge ni, domin halin kifin aka bi. Wani dangin tarwada kuwa sai da aka haɗa da allura kafin ya zuba ƙwai.

Buƙata ce ta tura binciken. Mashigin Vridi da aka buɗe a 1950 ya shigo da ruwan gishiri tafkin, birni ya tumbatsa, dattinsa na kwarara ciki, bakunan ci na ƙaruwa.

Sai dai amfanin bai kai yadda aka zata ba. Abincin kifin kiwo na da tsada, mashuwaron kuma ba ya saurin girma. Shi ya sa har yau daskararren kifin ƙetare ya cika teburan kasuwar Adjamé ta Abijan, ’yan Nijar masu sayar da abincin garba kuwa tuna suke soyawa. Amurka ma ta gina gidajen ƙyanƙyasa barkatai, amma salmon bai koma da kansa saman madatsar ruwa ta Grand Coulee ba.

Don haka na fi ganin fa'idar hutun kamun kifi da gwamnati ta fara wa masuntan Abijan da kewaye a 2023, duk da masunci mai iyali ne ke ɗaukar nauyin watan da ba ya fita, kuma ya cancanci a tallafa masa.