Kasafin Kuɗi da Zirga-zirgar Ɗalibin Kwaleji

Abin da ake nufi da kasafi shi ne rarraba abin da mutum yake da shi a kan buƙatunsa tun kafin ya fara kashewa. Ga ɗalibin kwalejin ilimi, kuɗin shigarsa ba ya wuce guzurin da iyaye suke aiko masa, ko ɗan abin da sana'ar hannu ta kawo, ko kuma bashin karatu. Buƙatun kuwa suna da yawa: abinci, da sabulu, da takardun darasi, da data, da kuɗin mota. Daga cikinsu babu mai cin aljihu a ɓoye kamar kuɗin mota, domin kaɗan-kaɗan yake fita, kuma kullum.

Hanyoyin sufuri sun sauya ƙwarai. A birnin Kano, alal misali, acaɓa ce abin hawan ɗalibai har zuwa Janairun 2013, lokacin da gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a kan babur bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Daga nan sai babur mai ƙafa uku ya mamaye titi, wato adaidaita sahu, wanda ya samo sunansa daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Bugu da ƙari, janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya sa farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota kuma ya bi shi.

A nan ya kamata ɗalibi ya ɗauki alƙalami. Asusun bashin karatu na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, ya ƙayyade naira 20,000 a wata a matsayin kuɗin ɗawainiya. A ƙaddara ɗalibi yana biyan naira 300 zuwa kwaleji, 300 kuma dawowa. A kwana 22 na karatu ya kashe naira 13,200, saura 6,800 ke nan na ci da sha da takardu. Wannan lissafi ne yake nuna cewa ɗaki mai arha a unguwa mai nisa sau da yawa ya fi ɗaki mai tsada a bakin kwaleji cin kuɗi. Saboda haka tare ake lissafa haya da kuɗin mota, ba a raba su.

Keke, wanda wasu ɗalibai suke jin kunyar hawansa, shi ne ya fi kowane abin hawa sauƙi. Da an saye shi, sai faci da ɗan gyara. Tafiya a ƙasa ma tana da amfani da sassafe, ko da yake zafin bazara da ruwan damina sukan taƙaita ta. Ɗalibai mata kuwa sukan haɗu su uku ko huɗu su yi shatar adaidaita sahu guda, su raba kuɗin.

Inda kasafi ya fi rushewa shi ne zangon gwajin koyarwa. Ana iya tura ɗalibi makarantar da take bayan gari, kuma dole ya isa kafin a yi taron safe, domin malamin da zai duba shi ba lallai ya sanar da ranar zuwansa ba. Ga kuma kuɗin kwali da alƙalamin zane na haɗa kayan koyarwa. Don haka ake shawartar ɗalibi ya fara ware wani abu tun zangon da ya gabata, ko ta hanyar adashi da abokan ajinsa, tare da neman ɗauka ta faɗo a makon da za a fita.