Ko Ka San Abin da Ke Cikin Baƙin Giris na Shaf?

Duk motar da ke ja da ƙafafun gaba, irin Golf ɗin da ke jigilar fasinja tsakanin Zonkwa da Kafanchan, tana da wata gaɓa a ƙarshen shaf, dab da taya. Aikinta ba ƙarami ba ne. Ita ke miƙa wa taya ƙarfin inji, alhali tayar na karkata dama da hagu, tana hawa da sauka a kan gargada. A cikinta akwai ƙwallayen ƙarfe, yawanci shida, masu kai da komo cikin kwarminsu. Wani injiniyan kamfanin Ford, Alfred Rzeppa, shi ya ƙirƙiro ta a shekarun 1920.

In bakanike ya zare robar da ta lulluɓe gaɓar, za ka ga giris baƙi wuluk. Wasu su ɗauka datti ne. Ko kusa. Garin wani ma'adini aka zuba masa mai suna molibdenait, haɗin ƙarfen molibdenam da farar wuta. Akwai shi ma a duwatsun Kigom da ke yankin Jos.

Sirrinsa yana cikin yadda Allah ya jera ƙwayoyinsa. Shimfiɗa-shimfiɗa suke: layin molibdenam a tsakiya, farar wuta sama da ƙasa, sun riƙe juna gam. Amma tsakanin wannan shimfiɗa da ta kusa da ita riƙon sako-sako ne. In ka danna su daga sama ba su ba da kai, in ka tura su ta gefe sai su sulale, kamar sababbin takardun kuɗi tsakanin yatsu. Kaurin kowace shimfiɗa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na milimita ba. A 1923 Roscoe Dickinson da Linus Pauling suka gano wannan tsari a Amurka, bayan sun haska ma'adinin da hasken eksire. Tun kafin su, a 1778, Carl Scheele na Suwidin ya nuna cewa ba bakin fensir ba ne, domin da can ana rikita su.

To, lokacin da nauyi ya matse mai ya fice daga tsakanin ƙwallo da kwarminsa, waɗannan shimfiɗu suna nan liƙe da ƙarfe, su hana shi cin ɗan'uwansa. Ko a sararin samaniya, inda babu iska, suna aiki, shi ya sa ake shafa su a sassan tauraron ɗan'adam.

Abin da ke damuna shi ne a ga roba ta yage a ce sai wani jiƙon. Giris ya tsiyaye, jar ƙurar hunturu ta shiga ta riƙa goge ƙarfe, sai ka fara jin ƙwas-ƙwas a kowace kwana. Canjin roba bai kai rabin wahalar canjin shaf ba. In za a canja, ka ce wa bakanike ya wanke gaɓar tas, ya cika ta da baƙin giris nata, kada ya sa ruwan ɗorawar nan na boris.