Hanyar Harshen Uwa Wajen Koya wa Yara Biyolin da Biyola

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba wata hanyar koyar da kiɗa wadda mai ita ya gina a kan yadda yaro ke koyon harshen uwa. Kayan kiɗan da ake magana a kai su ne biyolin da biyola, wato gogen Turawa. Bambancinsu da gogen da aka sani shi ne kowannensu yana da tsirkiya huɗu, kuma ana ɗora shi ne a kafaɗar hagu a tallafe da haɓa. Biyola ta ɗara biyolin girma, muryarta kuma ta fi kauri. Abin da ya sa batun ya shafi manazarta harshe shi ne da'awar da ke ƙarƙashinsa: wai duk yaron da ya iya magana zai iya kiɗa, muddin aka bi da shi ta hanyar da ya bi ya iya maganar.

2.0 Asalin Hanyar

An haifi Shinichi Suzuki a birnin Nagoya na Japan a 1898, ya rasu a 1998. Mahaifinsa yana da masana'antar ƙera biyolin, amma shi bai kama kiɗan ba sai da ya kai kimanin shekara 17, ta hanyar sauraron faifai yana kwaikwayo. A farkon shekarun 1920 ya tafi Jamus neman ƙarin ilimi, inda Jamusanci ya ba shi wuya ƙwarai, alhali yaran ƙasar na zuba shi ba tare da wani ya zaunar da su ba. Daga baya ya lura cewa haka abin yake a gida: ɗan Osaka yakan tashi da karin harshen Osaka, komai wuyarsa ga baƙo. Sai ya yanke cewa gwaninta ba gado ba ce, muhalli ne ke gina ta. A 1946 ya fara koyarwa a garin Matsumoto. Hanyar ta shiga Amurka bayan an nuna wani fim na ɗalibansa a Kwalejin Oberlin a 1958, sannan wasu daga cikin yaran suka je da kansu suka yi wasa a 1964.

3.0 Yadda Ake Fara Yaro

Akan fara ne tun yaro yana shekara 3 ko 4, kuma kunne ake fara ba aiki, ba hannu ba. Kullum ana kunna masa kiɗe-kiɗen da zai koya, yana wasa ko yana cin abinci, har su zauna masa kafin ya taɓa tsirkiya. Malamai da yawa sukan fara ba shi ɗan kwali mai siffar biyolin domin ya saba da tsayuwa da riƙo, su zana masa sawun ƙafa a takarda ya riƙa takawa. In ya karɓi na gaske, daidai jikinsa ake ba shi: akwai mai girman 1/16, da 1/10, da 1/8, da 1/4, da 1/2, da 3/4, kafin cikakke. Wuyan biyolin ba shi da wata alama da ke nuna inda yatsa zai sauka, don haka akan manna siraran alamu na ɗan lokaci, a cire su in kunne ya nuna.

Darasin farko na littafin farko sarrafa wata sananniyar waƙar yara ce ta Turawa a kan kari daban-daban. Karin farko bugu huɗu ne gajeru, biyu masu ɗan tsawo. Malamai sukan ɗora wa karin kalmomi daga harshen yaron, ya faɗa da baki kafin ya ja da bakan gogawa. Wanda ya san awon waƙar Hausa zai gane abin nan take, domin sauƙaƙan gaɓoɓi huɗu ne da nannauya biyu, kamar a ce "tafi maza, Larai". Karatun rubutun kiɗa kuwa akan jinkirta shi, bisa hujjar cewa ba a koya wa yaro baƙaƙe kafin ya iya magana.

Biyola tana da nata sha'ani. Tsirkiyoyin biyolin su ne G, D, A, E. Na biyola kuwa C, G, D, A, wato an sauke ta da mataki biyar. Saboda haka kiɗan da ɗan biyolin ke farawa a kan A, ɗan biyola a kan D yake fara shi, da yatsu iri ɗaya. Da yake ƙaramar biyola ba ta cika samuwa ba, sau da yawa ƙaramin biyolin ake sauya wa tsirkiya, sai dai tsirkiyar C ba ta yin amo sosai a ƙaramin jiki. In lokacin karatu ya zo kuma, mabuɗin rubutun biyola daban ne da na biyolin.

4.0 Bita a Gida

Nan ne nauyin hanyar yake. Malami yakan ga yaro sau ɗaya a mako, sauran kwana shida kuwa na uwa ne ko uba. Shi ya sa ake so ɗayansu ya halarci kowane darasi yana rubuta abin da aka ce. A Matsumoto ma uwa ce kan fara koyon kiɗan farko, yaro na kallo har ya yi sha'awa ya nemi a ba shi. Gogaggen malami ba ya sallamar su da tarin gyare-gyare. Abu guda yake bayarwa, misali lanƙwasar babban yatsa a kan bakan, ya faɗi sau nawa za a maimaita, ya kuma nuna wa uwar yadda za ta gane an yi daidai. Wannan na ƙarshe shi ne aka fi sakaci da shi, alhali maimaita kuskure sau 20 koyon kuskuren ne.

Minti 10 kullum ya fi awa guda ranar Lahadi amfani, don hankalin ɗan shekara 4 ba ya daɗewa wuri ɗaya, kafaɗarsa ma tana gajiya. Ba a kuma yar da tsohon kiɗa don an sami sabo, kamar yadda yaro ba ya daina cewa "mama" don ya koyi "ruwa". A kan tsohon kiɗan da hannu ya riga ya sani ake gwada sabuwar dabara. Har ƙananan ayyuka, irin su shafa wa bakan ƙaro da sassauta shi bayan an gama, suna cikin horon.

5.0 Inda Kwatancin Ya Tsaya

Manazarcin harshe ba zai karɓi da'awar Suzuki ɗungurungum ba. Shi kwaikwayo da maimaici da yabo ya ɗauka su ne ginshiƙan koyon harshe, ra'ayin da ya yi kusa da na Skinner (1957), wanda Chomsky (1959) ya soka da cewa yaro yana ƙirƙirar jimlolin da bai taɓa ji ba. Ɗan Bahaushe da ya ce "mutumomi" bai ji ta a bakin kowa ba; ƙa'idar jam'i ya gano ya zarce da ita. Ɗalibin biyolin kuwa jerin kiɗe-kiɗe tsayayyu yake bi ɗaya bayan ɗaya, abin da ya fi kama da hadda bisa ga hira. Batun farawa da wuri ya fi samun madogara, domin Lenneberg (1967) ya yi bayanin wani zango na ƙuruciya da harshe ke saurin kamuwa a cikinsa, ko da yake shi a kan harshe ya yi magana, ba kiɗa ba.

Babban bambancin dai na muhalli ne. Harshen uwa yana kewaye da yaro daga safe har dare, a bakin kowa, kuma da shi yake neman abinci. Babu yaron da ke bukatar biyolin don a ba shi nono. Muhallin kiɗan ƙirƙirarsa ake yi da faifai da darasin rukuni da haƙurin iyaye, kuma gidan da ba shi da sukunin haka yakan ga yaron ya tsaya cak. Jinkirta karatu ma ya jawo suka, ganin an sami ɗalibai masu zaƙin hannu da ba sa iya karanta abin da aka ajiye musu a gaba. Saboda wannan ne malamai da dama a yau suke fara koyar da alamomin rubutu a gefe, ba tare da biyolin a hannu ba, da zarar yaro ya fara karatun boko, su haɗa biyun bayan riƙo da tsayuwa sun daidaita.