Barin Inuwar Kamfanonin Waje: Abin Da Mai Ba Da Shawara Kan Tarar A Abuja

Galibin manyan kamfanonin ba da shawara kan harkokin kasuwanci da binciken kuɗi da ke aiki a Nijeriya mallakar 'yan ƙasa ne, sai dai sunan da ke jikin allonsu na aro ne. Sukan ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya ta ƙasashen waje wadda ke ba su suna da tsarin aiki da horo, su kuma su riƙa biyan ta wani kaso na abin da suka samu, yawanci da dalar Amurka.

Kuɗin nan ba ya fita ta hanyar banki sai an yi wa yarjejeniyar rajista a hukumar NOTAP da ke Abuja, wadda aka kafa a 1979 domin sa ido kan fasahar da ake sayowa daga waje. Nauyinsa kuwa ya ƙaru ainun tun daga Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin Naira. Dalar da ake canjawa kan kimanin Naira 460 a hukumance ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Kamfanin da abokan cinikinsa ke biyan sa da Naira, shi kuma yana biya da dala, dole ya sake lissafi. A nan ne tunanin ɓallewa kan samo asali.

Sunan aro ma yana da nasa haɗarin. Lokacin da badaƙalar Enron ta rusa Arthur Andersen a 2002, reshensa na Nijeriya, wanda ba shi da hannu a lamarin, ya koma ƙarƙashin KPMG. Wanda ya fita da kansa kuwa yakan bar sunan a baya. Ko Andersen Consulting, da girmansa, sai da ya koma Accenture ranar 1 ga Janairun 2001 bayan rabuwarsa da uwar ƙungiya. A 2019 kuma wasu tsofaffin shugabannin Accenture a Nijeriya, ƙarƙashin jagorancin Niyi Yusuf, suka kafa Verraki Partners a Legas.

Kafa sabon kamfani ba shi ne wahalar ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yin rajistar kamfani shi kaɗai a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wadda hedkwatarta ke Maitama.

Wahalar tana wajen neman aiki. A Abuja babban abokin ciniki shi ne gwamnati, da ma'aikatunta da hukumomin ba da agaji na waje. Tun da aka kafa dokar ba da kwangila ta 2007, mai neman aikin gwamnati sai ya gabatar da takardar shaidar biyan haraji ta shekaru uku, da ta hukumar fansho, da kuma shaidar ayyuka makamantan wanda yake nema. To, ayyukan da ƙwararre ya yi shekara goma yana yi an rubuta su ne da sunan tsohon kamfani. A kan takarda, shi sabon shiga ne, ko da kuwa daraktan da ke duba takardun ya san shi ido da ido. A ganina wannan ne babban abin da masu shirin fita ke rainawa, domin sukan ɗauka sanayya za ta wadatar.

Akwai kuma sharaɗin da ke hana mai fita yin gogayya da tsohon kamfaninsa ko jan abokan cinikinsa. Dokar gasa da kare masu sayayya ta 2018 ta amince da irin wannan sharaɗi a kan mutum, amma ta ƙayyade cewa kada ya wuce shekaru biyu. Saboda haka masu fita da yawa kan fara da karɓar ƙananan ayyuka daga hannun wasu kamfanoni, ko su yi haɗin gwiwa da wanda ke da cikakkun takardu, har zuwa lokacin da nasu za su cika shekaru uku.