Idan salula ta gagari mai ita, laifin wa ne?

A yau salula ta shiga kusan kowane gida, birni da ƙauye. Da ita muke aika kuɗi, da ita muke biyan kuɗin wuta da ruwa, da ita muke jin farashin hatsi. Sai dai kowa ya san yadda dattijo ko uwar gida ke miƙa wayarsu ga yaro ko mai shago domin a latsa masu, har da faɗin lambar sirri. Ta nan kuɗin mutane ke salwanta, ta nan asirinsu ke tonuwa. In ka tambaye su sai su ce ba su iya ba. To amma masu ilimin mu'amalar mutum da na'ura suna ganin cewa sau da yawa laifin na wanda ya tsara manhajar ne.

Hanyar aikinsu ba ta da wuyar fahimta. Kafin a saki manhaja, sai a nemo irin mutanen da za su yi amfani da ita, a ba su wani aiki, misali aika jika biyar ga ɗan'uwa, sannan a zauna a zuba ido ba tare da an taimaka ba. Ana rubuta inda mutum ya tsaya, da inda ya latsa ba daidai ba, da tsawon lokacin da ya ɗauka. Daga nan sai a gyara, a sake gwadawa. Wani masani ɗan ƙasar Danmak mai suna Jakob Nielsen ya bayyana a shekara ta 2000 cewa gwaji da mutum biyar kacal yakan tono kimanin kashi 85 cikin ɗari na matsalolin. Ke nan aikin bai fi ƙarfin ƙaramin kamfani ba.

Binciken da ya fi kusa da halin da muke ciki shi ne na Indrani Medhi da abokan aikinta a cibiyar bincike ta Microsoft da ke Bangalor a ƙasar Indiya. Sun tattauna da mutane 90 masu ƙarancin karatu a Indiya, Kenya, Filifin da Afirka ta Kudu. Sun gano cewa karatu ba shi kaɗai ne cikas ba. Jerin zaɓi mai shiga cikin wani jerin, da maɓallin da aikinsa ke sauyawa daga shafi zuwa shafi, da kalmomin banki, duk suna ɓatar da mutum. A sakamakon da suka fitar a 2009, sun gwada aika kuɗi ta hanya uku: rubutu zalla, magana da murya, da hotuna haɗe da murya. Waɗanda ba su yi karatu ba sun kasa kammala aikin ta hanyar rubutu. Hotuna da murya suka fi kai mutane ga nasara, amma waɗanda suka gane hanyar magana sun fi saurin gamawa.

Gwaji yakan kuma rushe zato. A jihar Gujarat ta Indiya, an kafa wa manoma layin tarho mai suna Avaaj Otalo a 2009 domin tambayoyi kan noma. Mai tunani zai ce manomi zai fi son ya yi wa na'ura magana. Da aka gwada, sai aka ga sun fi samun nasara da latsa lamba bayan sun saurari bayani. Da an bi zato, da an yi asarar kuɗi da lokaci.

A nan Nijar ma akwai darasi. Daga 2009, ƙungiyar Catholic Relief Services da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker, wadda a lokacin take jami'ar Tufts a Amurka, sun sa salula cikin azuzuwan yaƙi da jahilci a ƙauyukan jihohin Dosso da Damagaram, cikin Hausa da Zabarmanci. Ɗaliban da suka koyi aiki da salula sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Wannan ya nuna mana cewa mutanenmu suna koyo da sauri idan an zo masu da abu cikin harshensu.

Akwai kuma ƙananan abubuwa masu nauyi. Saƙon SMS na ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa kamar ɗ ko ƙ, sai ya koma 70, kuɗin saƙo ya ƙaru. Kamfanonin Apple da Google sun ƙayyade mafi ƙanƙantar girman maɓalli domin kada yatsa ya kuskure. Kuma yadda jama'a suka rungumi saƙon murya na WhatsApp, wanda ya fito a 2013, ya ishi mai tsara manhaja ishara.

Saboda haka muna kira ga kamfanonin salula, bankuna da matasanmu masu ƙera manhaja da su fita daga ofis. Su je kasuwa da tasha, su ba mai sayar da albasa da mai tuyar ƙosai wayar, su yi shiru su kalla. Su rage matakai, su sa murya cikin harsunan ƙasa, su bar ƙofar komawa baya kafin kuɗi su fita. Hukumomin da ke biyan tallafi ta salula kuwa, ya kamata su nemi shaidar irin wannan gwaji kafin su sa hannu a kwangila, domin kada wanda aka ba taimako ya koma biyan wani ladan latsa waya.